Motar Munzali Ba Ta Shan Mai

Sallama gare ku, masu bin wannan shafi. Wadda ta zo neman labarin yarinyar da aka zalunta, ta yi haƙuri, yau babu shi. Ba wanda ya zalunce ni. Ni ce na ɗauki wauta da hannuna biyu, na yi mata kwalliya, na zagaya da ita cikin dangi gida-gida.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hamdiyya, shekarata ashirin da uku, 'yar Malam Siddiq mai Islamiyya a Kurfi. Ni ma a can nake koyarwa, 'yan aji biyu ne a hannuna. Ku riƙe wannan da kyau: darasin da na fi ƙwarewa a kai shi ne illar ƙarya da alfahari. Har bulala na taɓa yi wa wata yarinya don ta ce babanta yana da jirgi.

Mai nemana kuwa Munzali ne, mai gyaran waya a Dutsin-Ma. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, yatsunsa kullum da tabon ƙunar dalma. Abin hawansa tsohon babur ne, salansarsa ɗaure da waya, in ya sha ruwan sama sai an tura shi. Tun daga kwanar kasuwa ake jin tarinsa. Shekara guda da wata huɗu yana zuwa zance duk Alhamis bayan La'asar, da izinin Baba Malam, har aka tsayar cewa manyansa za su zo gaisuwa ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Ban taɓa jin kunyar babur ɗin nan ba sai da Zinariya ta koya mini. 'Yar ƙanwar Ummata ce, sa'ata, bara aka kai ta Katsina gidan wani ma'aikaci mai mota ruwan toka. Tun daga lokacin, ko ruwa za ta sha sai ta ajiye makullin motar a kan tabarma inda kowa zai gani, alhali ko keke ba ta iya ba. Wata Alhamis tana gidanmu, Munzali ya shigo layi, ta karkata kunne.

"Hamdiyya, an kawo injin niƙa unguwar ne?"

"Baƙona ne."

"Au, Allah sarki. Ranar kai amarya sai dai mu riƙa bin ki a ƙafa muna turawa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta shige ni ta zauna, kamar ƙaya a tafin ƙafa.

To, ranar wata Litinin cikin damina, saura kwana goma sha biyu Asabar ɗin, ina zaune a tsakar gida ina gyaran zogale bayan Azahar, na buɗe waya na ga Munzali ya ɗora hoto a sitatus. Babu rubutu ko ɗaya a ƙasansa. Jar mota ce, gajeriya mai faɗi, kamar ta kwanta da ciki a ƙasa. Tana tsaye a gefen hanyar jar ƙasa, bayanta wani dutse irin waɗanda ake gani in za a je dam ɗin Zobe. A lambarta an rubuta MUNZALI da manyan baƙaƙe.

Kada ku ce ban bincika ba. Na bincika, irin binciken wadda ta riga ta yanke hukunci. Na ja hoton da yatsu biyu. Na ga ɗigon ruwan sama a kan bonet, kowane ɗigo da ɗan haskensa. Na ga gajimare kwance a jikin ƙofa, ya lanƙwashe daidai inda ƙarfen ya lanƙwashe. Na ga ƙwarzane kusa da fitilar hagu. Na ga jar laka ta fantsama daga taya har rabin ƙofa, irin lakarmu sak, wadda ke lalata mini silifa. Na ce wa kaina, hoton bogi ai tas yake fitowa. Wa zai zauna ya shafa wa motar ƙarya laka?

Mai hankali za ta kira shi ta tambaya. Kira ɗaya ne. Ni kuwa ko hannu ban wanke ba, da ganyen zogale manne a yatsa na kwafi hoton na jefa shi a guruf ɗinmu na 'ya'ya da jikokin kakarmu Hajiya Rekiya, mutum arba'in da ɗaya. Na rubuta a ƙasa: "Ku taya mu da addu'a, Allah ya tsare."

Wayata ta fara rawa a kan tabarma. Masha Allah, masha Allah, Allah ya sa a kashe lafiya. Ni duk ba su nake jira ba. Sai da aka yi minti ashirin Zinariya ta leƙo.

"Haya ce?"

Na amsa: "Duba lambar."

Ba ta sake cewa komai ba. Wallahi shirun nan nata ya fi mini tuwon ranar daɗi.

Washegari da hantsi na kira Munzali, na sa muryar shagwaɓa.

"Ashe haka za ka yi mini? Sai dai in gani a sitatus kamar bare?"

"Me kika gani?"

"Motarka mana."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har da tari.

"Hamdiyya, gem ne."

"Mene ne?"

"Wasan tseren mota ne na na'ura. Akwai shi a bayan shagona, ɗalibai na zuwa yi. Ana iya tsayar da motar a ciki a ɗauke ta hoto, shi ne na ga hasken ya yi kyau na ɗora."

"To lakar fa?"

"Ita ma zana ta aka yi. Ai nan gwanintar take. Masu yin sa sai su sami motar gaske su ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa, su auna ta har ɗinkin kujera, su naɗi kukan injinta. Na'urar kuma ita ke lissafa yadda haske zai faɗa a kan fenti, yadda ruwa zai gangara. In kika bi ta laka, lakar ta hau. Sunan ma ni na rubuta, kowa na iya sa nasa."

Ya turo mini bidiyo. Ga jar motata, wadda na riga na zaɓi atamfar da zan sa ranar da zan fara shigarta, ta kwaso gudu ta daki dutse, ta yi adungure sau uku, ƙofa ta cire. Allon ya yi baƙi, ta dawo tsaye sabuwa fil.

Na ce, "Ni ma ai na sani. Tsokanarka nake yi."

"Na ce dai. Ba ki dai nuna wa kowa ba ko?"

"Wa zan nuna wa?"

'Yan uwa, a nan ne labarin ya daina zama kuskure. Jiya an ruɗe ni, wannan kowa na iya faɗawa. Yau kuwa na san gaskiya. Abin da ya rage in shiga guruf in rubuta layi ɗaya, a yi mini dariyar yini guda a manta. Na buɗe, na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, sai ga kiran Gwaggo Hafiza, wadda rabon da ta kira ni tun ina firamare.

"Amaryar Alhaji, kin wuni lahiya? Dama asibiti nake son zuwa Katsina wata mai kamawa, na ce in an ɗaura sai ki yi mini magana da shi."

Na ce, "Ba komai, Gwaggo."

Na ajiye wayar ban aika komai ba.

Kwana takwas na yi ina cin wannan girma. Na fito da atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda na ajiye don biki, na riƙa zuwa Islamiyya da ita. Na canja tafiya. Na fara cewa "in Allah ya yarda" a hankali, irin ta matan manya. Labarin kuma ya yi ƙafa ya bar ni a baya: a Tamawa an ce motoci biyu ne, a Wurma an ce har da gida a Katsina. Umma ta tambaye ni sau ɗaya, na ce, "Haka dai na gani a wayarsa." Kun ga yadda na iya, ban ce eh ba, ban ce a'a ba.

Alhamis ta zo a tsakiyar kwanakin nan, kuma ita ce abin da na fi jin kunyar rubutawa. Akwai 'yan uwa mata uku a gidan, sun zo musamman. Da na ji tarin babur daga kwanar kasuwa, na yi wuf na kira shi.

"Ka ajiye shi a bayan katangar su Malam Audi, ka ƙaraso a ƙafa."

"Me ya faru?"

"Rana ta yi yawa a ƙofar gida, kada kujerar ta yi zafi."

Hadari ne a sama ranar, ko ƙyallin rana babu. Ya yi yadda na ce. Su kuwa na gaya musu ba ya son nuna kai, kuma ramukan hanyar Kurfi ba na irin wannan mota ba ne. Suka gyaɗa kai, suka ce lallai yaron akwai tarbiyya.

Ranar Laraba, saura kwana uku manyansa su zo, Baba Malam ya aiko Umma ta kira ni zaure bayan an karya kumallo. Yana zaune a kan buzunsa, tabarau a hanci. Baba wayarsa mai madanni ce, ba ta hoto, don haka na ɗauka labarin ba zai taɓa isa gare shi ba. Na manta akwai masallaci.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa da tsawo ba.

"Jiya bayan Magariba mutum uku suka yi mini murna. Ɗaya ya nuna mini hoto. Ke kika raba shi?"

"Ni ce, Baba."

"To ki aika wa yaron nan, ya shaida wa manyansa kada su wahalar da kansu ran Asabar."

Umma tana bakin ƙofa, ta ce, "Malam, mi ya yi zahi haka?"

"Barira, yaron da na sani yana gyaran waya, yana tura babur. Shi na ba izini, don na ga abin da yake ci na guminsa ne. Yau an wayi gari yana da motar da ko shugaban ƙaramar hukuma ba ya da irinta. Gado ya ci? Ubansa na nan da rai yana noma a Kutawa. Kin san halin da ƙasar nan take ciki. Kin san irin hidimar da ake yi wa mutanen daji a samu kuɗi dare ɗaya. Ban ce shi ne ba. Amma ba ni ba da ɗiyata inda ban san tushen abincinta ba."

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Ni ina can ina auna fuskar Zinariya, ashe na rataya wa bawan Allah zargin da ke iya hallaka mutum a yankinmu.

Na ce, "Baba, motar ba ta gaske ba ce."

"Aro ya yi?"

"A'a. Babu ita."

"Ya sayar?"

"Ba a taɓa ƙera ta ba, Baba. Wasa ne na cikin na'ura, zane ne."

Ya miƙo hannu na ba shi wayata. Ya gyara tabarau, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya juya ta wajen hasken ƙofa. Ya daɗe.

"Hamdiyya, ga laka. Ga inuwarta a ƙasa. Ga ruwa a kanta yana gangara. Shekara sittin da biyu gare ni, na san zane. Yanzu har kin kai ki yi mini ƙarya don ki kare saurayi?"

Kun ji sakayya. Kwana takwas ina ƙarya kowa na gaskata ni. Ranar da na faɗi gaskiya, ubana ya ce ƙarya nake. Na fashe da kuka, ina rantsuwa, ina neman bidiyon da Munzali ya turo, sai na tuna na goge shi da hannuna don kada wata ta gani.

Umma ce ta kawo mafita. Ta ce a kira yayanta, Kawu Garba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar haya tsakanin Dutsin-Ma da Katsina, sai da ciwon suga ya taɓa masa ƙafa ya ajiye, yau shekara shida. In akwai mai gane mota a danginmu, shi ne. Baba ya yarda.

"Ya tahi yau, ya gani da idonsa. Ke kuma ki bi shi. In ƙarya ce, ki ji kunyarta a gabansa."

A cikin motar haya Kawu ya karɓi wayar ya duba hoton. Ya ce, "Wannan kam mota ce. Sai dai direbanta sakarai ne, wa ke shiga laka da mota mai ƙasa haka?" Daga nan bai sake kula ni ba, ya koma gyara wa direbanmu tuƙi har muka isa.

Munzali na zaune a bayan teburinsa, waya a buɗe gabansa kamar an feɗe kaza. Da ya ga Kawu ya taso ya durƙusa har ƙasa. Ni kuwa ya ce mini "sannu da zuwa" yana kallon bango. A take na gane labari ya riga mu.

Kawu bai yi kwana-kwana ba. "Yaro, ina motar?"

"Tana ciki, Kawu. Ku ne na huɗu da suka zo nemanta. Shekaranjiya wasu mutum biyu da ban sani ba suka zo suna tambayar inda nake ajiye ta. Jiya wanda ya ba ni hayar shagon nan ya ce in gaya masa gaskiya, sana'a nawa gare ni."

Ya ɗaga wani labule a bayan shagon. Ɗan lungu ne, da ƙyar ya ɗauke mu mu uku. Kujerar tsohuwar bas ce a ƙasa, an yi mata ƙafafu da bututun ruwa. A gabanta sitiyari ƙarami, ƙasa da shi abin taka birki da totur, sai allon talabijin a bango. Ya kunna. Ga ta nan, ja, tana sheƙi, injinta na gurnani, sunansa a lamba.

Kawu ya sunkuya ya leƙa bayan talabijin ɗin. Ya dawo ya tsaya.

"Zauna ku gwada, Kawu."

"Ni da na ajiye tuƙi?"

"Wannan ba ta gajiyar da ƙafa."

Ya tattare babbar rigarsa ya zauna. Ya cire takalmi. Ya kama sitiyari da hannu biyu, ya yi bisimilla, sannan ya karanta addu'ar hawa abin hawa tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake harafi ba. Ya kai hannu sama zai gyara madubi, ya kama iska.

Aka ba da alamar tashi. Motoci goma sha ɗaya suka wuce shi kamar an harba su. Kawu ya taka totur a hankali, ya hau hannunsa na dama, ya tsaya a kan arba'in.

"Kawu, tsere ne fa. Ku taka."

"Da wa na yi alkawarin tsere? Su tahi. Mu da iyali gare mu."

Ya zo kwana yana laluben sigina. Ya nemi hon bai samu ba, ya ce wannan ganganci ne, in akuya ta fito fa? Can sai hadari ya haɗu a cikin allon, hasken ya dushe, ruwa ya fara sauka a gilashi ɗigo-ɗigo yana gangarowa. Kawu ya cire hularsa ya miƙa zai goge talabijin.

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai na fasa. Bakinsa a ɗan buɗe, idonsa na ƙyalli. Shekara shida rabonsa da ganin hanya na tahowa gare shi. A hankali ƙafar ta fara nutsewa. Sittin. Tamanin. Ɗari da goma. Sai ga kwana mai santsi, motar ta juya, dutse ya taso. Kawu ya yi salati da ƙarfi, ya saki sitiyari ya miƙo hannun dama ya tare ni a ƙirji, kamar ina kujerar gaba.

Allon ya yi baƙi. Motar ta dawo kan hanya, ko ƙwarzane babu.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya ce a hankali, "Da haka ta gaske take yi, da Ja'afar abokina na nan." Ya share fuska da hular. Sannan ya ce, "Sake sa mini."

Sau biyar ya zagaya. Yana cikin na shida, ya kusa kama ta goma sha ɗaya, aka kira La'asar a masallacin bakin titi. Munzali ya miƙa hannu ya kashe allon ba tare da ya tambayi kowa ba.

"Kai, na kusa cim mata."

"Tana nan, Kawu, ba ta zuwa ko'ina. Ga buta."

Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya karɓi butar ya fita.

Muka rage mu biyu, labule a ɗage. Na buɗe baki, ya riga ni.

"Hoton ban damu da shi ba, kowa na iya ruɗuwa, don haka aka yi shi. Abu ɗaya nake son ki gaya mini. Ranar Alhamis da kika ce in kai babur bayan katanga, ba rana kika guje masa ba ko?"

Ni mai bakin koyar da aji biyu, na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabina.

"To. Ban ce wa su Baffana komai ba tukuna. Zan yi tunani."

Ya bi bayan Kawu zuwa masallaci.

Kafin Magariba muna zaure. Baba ya ce, "Garba, akwai mota ko babu?"

"Babu, Malam. Na tuƙa ta."

"Ka tuƙa abin da babu?"

"Sau biyar da rabi. Ba ta shan mai, ba ta ɗaukar fasinja, kuma in ka faɗi ba ka mutuwa. Zane ne cikin talabijin, amma ko ni da na tsufa a kan hanya sai da na nemi goge gilashi. Yaron ba shi da komai sai babur da kayan gyara. Ana kiran salla ya kashe abin ina tsakiyar tafiya, ko kunyata bai ji ba. In maƙaryaci kake nema, Malam, ba sai ka biya kuɗin mota zuwa Dutsin-Ma ba."

Duk suka juyo suka dube ni.

Baba ya ce daga wajensa Asabar tana nan. Amma ni, duk inda hoton ya shiga sai gaskiya ta bi shi, kuma da muryata, ba rubutu ba. Gidajen da babu waya in taka da ƙafata. Darasin ƙarya da alfahari kuma ya karɓe shi daga hannuna sai bayan Maulidi.

A gabansa na danna na yi magana: ni Hamdiyya, motar da na turo babu ita, wasan na'ura ne, na sani tun kwana na biyu na yi shiru don ina jin daɗin yadda kuke kallona. Munzali bai taɓa cewa tasa ba ce. Babur gare shi.

Wannan karon Zinariya ba ta yi minti ashirin ba.

"Allah ya sanya alheri. Ki ce ya ɗan rage mana hanya a talabijin."

Gwaggo Hafiza ta fita daga guruf ɗin gaba ɗaya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Baba ya buɗe ƙofa, amma wanda zai shigo bai ce zai zo ba. Na rubuta masa saƙo mai tsawo, da ayoyi da hadisai, na goge. Na aika wannan kawai: "Gobe Alhamis. In za ka zo, ka ajiye shi a bakin zaurenmu." Alamar ta yi shuɗi. Bai amsa ba.

Alhamis aka wuni ana ruwa, sai Azahar ya ɗauke. Na ɗauki tsintsiya na share bakin zaure da kaina, na kwashe duwatsun wajen. Zinariya ta zo, wai ta kawo wa Umma garin kuka, tun daga Katsina. Na sa shuɗiyar atamfar nan, na zauna a tsakar gida da waya a cinya. Aka yi La'asar. Aka yi rabin awa. Zinariya na taunar cingam tana duba agogo a madadina.

Sai na ji shi. Tun daga kwanar kasuwa, yana tari, yana shaƙewa, yana sake kamawa. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ya shigo layi, ya matso, ya matso. Daidai katangar su Malam Audi ya yi shiru.

Na ce a raina, shi ke nan. A can ya ajiye shi, inda na koya masa.

Na zura hijabi na fita. Ashe babur ɗin ne ya mutu a cikin kwatamin lakar da ke wajen. Munzali ya sauka, wandonsa a naɗe, yana turawa, tayar baya ta nutse ta ƙi motsi. Maƙwabta na zaune a kan dakali suna kallo. Zinariya ta biyo ni har bakin zaure, ta ɗaga waya.

Na taka cikin lakar da silifana, na kama ƙarfen ɗaura kaya na baya da hannu biyu.

Ya waiwayo. "Mutane na kallonki."

"Na gan su. Ja mu je."

Muka tura. Tayar ta kama ƙasa, ta watso mini laka tun daga gwiwa har haɓa. Muka kai shi bakin zaure, daidai inda na share, ya kafe shi. Ya tsaya yana haki, yana kallon atamfata, yana ƙoƙarin riƙe dariya.

"Su Baffa sun ce ƙarfe goma ran Asabar. Su uku ne. A kan wannan zan kawo su, ɗaya bayan ɗaya."

"To ka fara da wuri."

Zinariya ta riga ta tura bidiyon guruf kafin in shiga gida. Na buɗe na ja shi da yatsu biyu, na duba da kyau. Hasken bai yi kyau ba, fuskata ta fito a karkace, lakar kuma ko kusa ba ta kai ta jikin jar motar kyau ba. Sau uku na wanke atamfar, har yau ba ta fita ba.